Gyaran Shakazobar Babur ɗin Daji: Sifirin, Bawul, Katirij ko Sabuwa Fil?

Ƙorafi biyu aka fi ji daga masu hawa baburan daji, ko ƙanana irin Honda XR150L da Yamaha XTZ125 da AG200 da ma'aikatan lafiya da malaman gona ke shiga ƙauyuka da su, ko manyansu irin Suzuki DR650 da Honda CRF300L. Na farko, babur ya cika laushi: da ka matsa birkin gaba sai ya dungurar da kai, ka faɗa rami ka ji ƙarfe ya daki ƙarfe. Na biyu, ya cika tauri: a hanyar burji wadda ta yi kunya-kunya kamar gonar gyaɗa, hannuwa sun yi tsami kafin a ci kilomita ashirin. Abin da ke rikita mutane shi ne sau da yawa babur guda ne yake yin duka biyun, a rana guda, a hanya guda.

Dalili kuwa shi ne aiki biyu ake yi a cikin shakazoba. Sifirin yana ɗaukar nauyi, shi ke yanke iya tsayin da babur zai tsaya a kai. Mai da ke bi ta cikin huji ko bawul shi ke riƙe sauri, wato yadda taya za ta shige sama da yadda za ta dawo ƙasa. Idan sifirin ya yi wa nauyinka laushi, babur zai lotsa ya cinye kusan rabin tafiyar shakazoba tun kana tsaye, abin da ya rage kuma shi ne ɓangaren da ya fi tauri. Ga laushi, ga duka. Duk wanda ya sayi kaya bai raba waɗannan ayyuka biyu a kansa ba, da wuya kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Kafin a kashe ko sisi

A ɗora babur a kan akwati ko kututture, tayoyi biyu su bar ƙasa. A kama tayar baya a ɗaga ta sama a hankali. In ta motsa kafin sifirin ya fara aiki, ko aka ji ƙwas-ƙwas, boris ɗin mahaɗan da ke ƙasan shakazoba ko na hannun baya sun ci. Waɗannan ƙananan boris ne masu kama da allurai, kamfani ba ya sa musu giris sosai, damina guda ta tsallaken rafi ta isa ta mayar da su garin tsatsa. A juya kan babur hagu da dama; in yana maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya yi rami. A duba bututun fok, wato shakazobar gaba, ko yana jiƙe da mai, ko tsakuwa ta yi masa tabo. A fitar da shi a mirgina a kan gilashi, ɗan lanƙwasar da ido ba ya gani za ta bayyana. Sannan iskar taya: mai faci kan ɗura har taya ta yi kamar dutse, alhali a burji da yashi abin da bai wuce psi 18 zuwa 22 ba ya wadatar wa babur mai tub da ba a yi masa lodi ba. Sabuwar shakazoba a kan boris da ya mutu asara ce tsagwaronta.

Awon lotsawa

Wannan awon shi ne alƙali, kuma ba ya buƙatar komai sai tef ɗin awo da mutum biyu. A zaɓi wuri biyu a baya, tsakiyar ƙarfen da ya ratsa taya da wata alama a jikin babur daidai samansa, a manna ɗan salatif don kada a ɓata wurin. Awo na farko, taya a sama ba ta taɓa ƙasa. Na biyu, babur a ƙasa shi kaɗai, wani ya riƙe shi a tsaye. Na uku, mai babur a kai da takalminsa da hularsa da jakar da ya saba ɗauka, ƙafafu a kan mataki. Kafin kowane awo a danna babur a sake shi ya zauna da kansa.

Bambancin awo na farko da na uku shi ne lotsawa da mahayi, ana son ya kai kashi 30 zuwa 33 cikin ɗari na tafiyar tayar. DR650 da CRF300L duk suna da tafiyar mm 260, don haka ana neman mm 78 zuwa 86. XR150L tana da mm 150 a baya, ana neman wajen mm 45 zuwa 50. A gaba kashi 25 zuwa 30 ake nema, kuma hanya mai sauƙi ita ce a ɗaura 'yar igiyar roba a bututun fok, a ga inda ta tsaya.

Ana daidaita wannan lamba da zoben da ke ɗaure sifirin. Bayan ta yi daidai sai a koma ga bambancin awo na farko da na biyu, lotsawar babur shi kaɗai, wadda ya kamata ta zama kusan kashi 10, wato mm 25 zuwa 30 a babur mai tafiyar 260. A nan mutane ke juyar da lissafi. In babur shi kaɗai bai lotsa ba sai mm 5 ko 10, sifirin ya yi laushi, don sai da aka ɗaure shi tamau kafin ya iya ɗaukar ka. In ya lotsa mm 45 ko fiye, sifirin ya fi ƙarfin nauyinka. Ɗaurin zobe ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi ko kaɗan, tsayin babur kawai yake ɗagawa.

Hanya mafi araha: mai da sifesa

Canza man fok shi ne gyaran da ya fi kowanne arha, kuma babur da ya yi shekara uku bai ga sabon mai ba zai canza sosai. Abin da ake zubarwa yakan fito baƙi ƙirin, da wari, da ƙurar alminiyam tana ƙyalli a ciki. Amma akwai tarko a kaurin mai. Lambar da ke jikin gora, 5W ko 10W ko 15W, ba ta da ma'auni guda tsakanin kamfanoni, 10W na wani ya kan yi daidai da 7W na wani. Lambar da za a dogara da ita ita ce cSt, wato ainihin ma'aunin kaurin mai, a zafin digiri 40. Galibin 5W suna tsakanin 15 da 20, galibin 10W tsakanin 30 da 40. Man giyar mota mai atomatik, jan nan, yana wajen 30 zuwa 35, shi ya sa yake iya tsayawa a madadin 10W in an rasa. Baƙin man inji kuwa, wanda wasu gareji ke ɗurawa don fok ya yi tauri, ya fi haka kauri ninki uku ko huɗu, yana kumfa, kuma da sanyin safiya fok yakan kusa daskarewa.

Yawan mai ma maɓalli ne. Iskar da ta rage a saman mai tana aiki kamar sifirin na biyu, amma sai a kashi ɗaya cikin uku na ƙarshen tafiya. Ana auna ta ne da sifirin a waje, fok a tsaye a matse har ƙasa, daga bakin bututu zuwa fuskar mai. A DR650 littafin kamfani ya ce mm 164. In fok yana ƙurewa a manyan ramuka kawai, a ɗaga mai da mm 10, wato wajen ml 10 zuwa 12 a bututu mai faɗin mm 43, a gwada. Wanda ya zarce zai rasa ƙarshen tafiyar gaba ɗaya, sil kuma, wato robar da ke hana mai yoyo, ya fara zubar da mai.

Sifesa, guntun fayif da ake sawa a saman sifirin, ɗaurin zobe ne da wani suna. Mm 5 zuwa 15 na matsi ya isa. Masu cusa guntun fayif mai tsawon yatsa suna samun gaba da ya ɗaga, wanda ba ya jin ƙananan duwatsu, yana buga ƙwal duk lokacin da taya ta bar ƙasa, kuma har yanzu yana ƙurewa a rami. An gudu ba a tsira ba. Wannan hanya ta dace da wanda awo ya nuna sifirinsa daidai ne, shi kaɗai.

Sifirin daidai nauyi

In kuɗin abu ɗaya kawai ake da shi, nan ya kamata ya tafi. Ana auna ƙarfin sifirin da kilo nawa ke matsa shi mm ɗaya, wasu kamfanoni kuma suna rubuta N/mm, inda kilo ɗaya yake daidai da 9.8. DR650 tana zuwa da kusan 0.40 a kowace ƙafar gaba da 6.5 a baya, abin da ya dace da mutum marar nauyi da bai ɗauki komai ba. Mai kilo 85 zuwa 100 da kaya yakan koma 0.50 zuwa 0.55 a gaba, 7.5 zuwa 8.3 a baya. A canza gaba da baya tare. In baya kaɗai aka ƙarfafa, nauyi zai koma kan tayar gaba, kan babur ya riƙa nutsewa a yashi yana neman kayar da kai. In gaba kaɗai ne, babur zai zauna da baya ya ƙi shan kwana.

Sifirin iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai murɗi iri ɗaya daga sama har ƙasa, ƙarfinsa ba ya canzawa. Akwai wanda gefe guda murɗinsa a matse yake, yana farawa da laushi ya ƙare da tauri, irin wanda Hyperpro na Holan ya shahara da shi. Na biyun yana da amfani ga mai babur da lodinsa ke canzawa kullum, yau shi kaɗai, gobe da goyo da jarka biyu. Amma ga wanda zai ci gaba zuwa gyaran bawul, mai murɗi iri ɗaya ya fi, domin iskar cikin fok da mahaɗan baya sun riga sun ba da wannan ƙarin tauri a ƙarshe, kuma ya fi sauƙin daidaita mai da sifirin da ƙarfinsa yake guda.

Ga masu ƙananan babura da ba a cika samun sifirin ɗinsu na musamman ba, yanka shi ne mafita, kuma lissafi ne ba kirdado ba. Ƙarfin sifirin yana ƙaruwa gwargwadon raguwar zagayen da ke aiki. Mai zagaye 40 da ƙarfin 0.40, in aka yanke 4, zai koma 0.40 sau 40 a raba da 36, wato 0.44. A yanke daga gefen da murɗi ya matse, a ɗan ɗumama zagaye na ƙarshe kaɗai a kwantar da shi, a goge bakin ya yi lebur, a cike tsawon da aka yanke da fayif ɗin ruwa mai kauri da wosha a tsakani. Sai a tabbatar da abu guda: a auna ratar da ke tsakanin zagaye biyu, a ninka da yawan zagayen da suka rage. In jimlar ba ta haura tafiyar fok haɗe da matsin sifesa ba, sifirin zai haɗe ya zama sanda kafin fok ya ƙare tafiyarsa, kuma dukan da zai biyo baya a hular fok zai ƙare. Kada a yanke fiye da kashi 10 zuwa 15. Wanda ke son sanin ƙarfin sifirin da ke hannunsa ya sa shi cikin fayif a kan sikelin awon nauyi, ya danna mm 20 ya karanta, ya ƙara mm 50 ya sake karantawa, ya raba bambancin da 50.

Bawul a cikin fok mai sanda

XR150L, XTZ125, AG200 da DR650 duk fok iri ɗaya suke da shi a ciki: sanda mai rami da huji-huji a gindinta, mai yana bi ta hujin. Matsalar huji ita ce tirjiyarsa tana ƙaruwa da saurin mai sau kansa. Sauri ya ninka biyu, tirjiya ta ninka huɗu. Lokacin birki fok yana shiga a hankali, huji bai riƙe komai ba, gaba ya nutse. Lokacin da taya ta daki gefen rami ko dutse, mai yana son wucewa a tashi ɗaya, huji ya ƙi, dukan ya hau hannu. Mai mai kauri yana gyara na farko ya ƙara lalata na biyu, mai ruwa-ruwa kuma akasin haka. Babu kaurin da zai gyara duka biyun.

Maganin shi ne a karɓe aikin daga huji a ba bawul mai buɗewa gwargwadon ƙarfin duka. Wanda aka fi sani shi ne Gold Valve na kamfanin Race Tech da ke Kalifoniya, wanda ake kira emuleta. Ɗan tagulla ne mai ƙaramin sifirin a kansa, yana zama a kan sandar, babban sifirin ya danne shi. Sa shi yana buƙatar a wargaza fok gaba ɗaya. A fitar da sandar a faɗaɗa hujin gindinta a ƙara wasu, a manyan fok yawanci huji shida na mm 8, bibbiyu a tsallake juna, da tazarar akalla mm 10 don kada sandar ta yi rauni. A kankare bakin kowane huji ciki da waje, don ɗan ɓarɓashin ƙarfe guda ya isa ya riƙe bawul a buɗe. Ƙaramin hujin da ke saman sanda na dawowa ne, ba a taɓa shi. Bawul ɗin yana ƙara tsawon sama da mm 10, saboda haka a rage sifesa daidai da haka, kuma mantawa da wannan shi ne kuskuren da aka fi yi. Ana fara ƙaramin sifirin da zagaye biyu na ɗauri, ana ƙarawa in ana son tauri. Dawowa kuma kaurin mai ke riƙe ta, shi ya sa ake yawan sa 15W.

Akwai na biyu da ba ya buƙatar huda, irin DDC na Cogent Dynamics da Intiminator na Ricor. Ana cire sifirin, a zuba mai ruwa-ruwa na 5W wanda hujin asali ba zai iya riƙewa ba, a jefa bawul ɗin, a mayar da sifirin. Aikin awa ɗaya ne, kuma in bai yi ba ana iya cire shi fok ya koma yadda yake.

Wanne ya fi? Emuleta ya fi ba da damar daidaitawa, amma duk daidaitawa sai an buɗe hular fok an kamo shi da waya, kuma sandar da aka huda ba ta komawa. Wanda ake jefawa ya fi dacewa da mai son ya sa ya manta, sai dai ba kowane babur ake yi wa ba, alhali emuleta ana samunsa a faɗi daban-daban har na ƙananan fok. A auna cikin bututu da kan sanda kafin a yi oda. Kuɗin kowannensu bai cika wuce dala ɗari biyu da 'yan kai ba, kuma a gaban babur mai sanda babu abin da ke ba da canji irin wannan a wannan farashi. Sharaɗi ɗaya ne, sifirin ya riga ya yi daidai.

Katirij da dashen fok

CRF300L, wadda ta fito a 2021, tana da fok ɗin Showa na mm 43 mai kife, kaurin a sama. Ba sanda mai huji ba ce, katirij ne, wato ɗan silinda da fistin da tarin siraran faifan ƙarfe masu lanƙwasawa su bar mai ya wuce. Amma don rage kuɗi an sa sifirin a ƙafa ɗaya, katirij a ɗayar, kuma babu maɓallin daidaitawa. Emuleta ba shi da wurin zama a nan. Zaɓi uku ne: a sa sifirin mai ƙarfi, a canza fistin da jerin faifan, ko a sa cikakken katirij daga kamfanoni irin Andreani na Italiya, wanda yawanci ƙafa ɗaya ke riƙe matsawa ɗaya ke riƙe dawowa, da maɓalli a saman kowacce. Sifirin da gyaran faifai sun ishi yawancin mahaya. Cikakken katirij na mai gudu ne a duwatsu, wanda zai murɗa maɓallan da gaske, kuma kuɗinsa ya ninka na bawul sau uku ko fiye.

Dashen fok daga babur ɗin tsere, ko na DR-Z400 mai faɗin mm 49 da wasu ke sa wa DR650, yana da daɗin ji a baki. Fok ɗin na hannu zai iya zuwa da arha. Abin da ke biye da shi ne ba arha: maƙalan sama da ƙasa, sandar wuya da boris ɗinta, ƙarfen taya, sau da yawa tayar kanta, birki da faifansa, wurin makulli, fitila da mita. Fok ɗin ya fi tsawo, sai an rage shi daga ciki ko a ɗaga baya. An yi shi don babur da ya fi naka sauƙi da kilo ashirin zuwa hamsin, don haka sifirin da bawul ɗinsa ma sai an canza. Ga wanda ba shi da mai injin sassaƙa ƙarfe da ya amince da shi, shawara ita ce ya bar wannan hanya. A ƙananan babura ma firam ɗin ba a yi shi don ɗaukar ƙarfin dogon fok mai tauri ba, wuyan ne ke tsagewa.

Shakazobar baya

A nan ne kuɗi mai yawa ke da hujja. Shakazobar baya guda ce, mai ɗinta bai kai kofin shayi biyu ba, tana bayan inji kusa da salansa, kuma tana ɗauke da fiye da rabin nauyi. A burji mai kunya-kunya, cikin zafin Afrilu, tana iya yin zafin da hannu ba zai taɓa ba. Mai ya tsinke, ya yi kumfa, baya ya fara tsalle kamar babu komai sai sifirin. In bayan rabin awa babur ya canza hali, ya huce ya dawo daidai, wannan ce cutar, kuma babu sifirin da zai warkar da ita.

Shakazobar baya iri uku ce. Mafi arha, mai da iskar naitirojin a haɗe suke wuri guda, ita ce ta fi saurin kumfa. Ta biyu tana da fistin mai yawo da ya raba mai da iska a cikin jiki guda. Ta uku tana da 'yar tukunya a gefe ko a ƙarshen tiyo, man ya fi yawa, ya fi saurin hucewa, kuma a nan ake samun maɓallin matsawa. Ga doguwar tafiya a ƙasa mai zafi, mai raba mai da iska ita ce mafi ƙarancin abin da ya cancanci saye. Tukunya ƙari ce mai amfani ga mai gudu da lodi.

Sifirin kaɗai a kan tsohuwar shakazoba yana aiki in ƙarin bai wuce kashi 15 ko makamancin haka ba. Sama da nan, riƙon dawowa na asali ba zai iya da shi ba, baya ya riƙa harbin mahayi daga kan sirdi bayan kowane tudu. Ta DR650 tana da tukunya kuma ana buɗe ta, don haka sabon mai, sabon sil, sabon jerin faifai da sifirin sukan mayar da ita abin kirki a kusan rabin kuɗin sabuwa. Ta CRF300L da ta ƙananan babura ba a yi su don a buɗe ba. A CRF300L ma baya ne ya fi gaba rauni, kuma yawancin masu ita daga nan suke farawa, da YSS ta Tailan a ɓangaren sauƙi, ko K-Tech da Rally Raid na Ingila da Öhlins na Suwidin a ɓangaren tsada. Farashi yana kamawa daga wajen dala 500 har ya haura 1,000. Lokacin oda a faɗi nauyin gaskiya da kaya, kuma in ana yawan goyo a zaɓi mai murfin ɗaure sifirin da hannu, don ba wanda zai riƙa dukan zobe da guduma da kurfi kowace safiya.

Tambayar da ta fi sunan kamfani muhimmanci ita ce wa zai yi mata sabis. Shakazoba mai kyau tana son sabon mai duk kilomita 15,000 zuwa 20,000 ko shekara biyu, da naitirojin mai matsin da ya kai wajen 10 zuwa 12 a ma'aunin bar. Kafin a biya a tabbatar akwai mai wannan aiki a inda hannu zai kai, a kuma sayi sil da bushi (zoben da ƙarfe ke santsi a cikinsa) na ajiya tare da ita. Kada a yarda wani ya ɗura mata iskar oksijin ta masu walda, haɗuwarta da mai a cikin matsi fashewa ce. Kada a kai mata wuta ko a huda ta alhali da iska a ciki.

Saura ta hannu da aka ciro daga wani babur a kasuwar kayan gyara. Daidaiton ramin noti bai isa ba. Mahaɗan baya suna ninka motsi kusan sau uku, saboda haka shakazobar da ta fi ta asali tsawo da mm 10 za ta ɗaga baya da mm 25 zuwa 30. Kan babur zai yi rawa a gudu, sarƙa ta ci robar hannun baya. Wadda tafiyarta ta fi tsawo za ta kai taya ta daki ƙasan sirdi. A cire sifirin, a ɗaura ta, a ɗaga taya da hannu har ƙarshe, a ga ko wani abu yana taɓa wani, tukunya da akwatin iska ko salansa musamman. Sifirin da ke kanta kuwa na wani babur ne da wasu mahaɗai, awon lotsawa ne kaɗai zai faɗi ko ya yi.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Mai XR150L, XTZ125 ko AG200 na aiki, wanda gudunsa a daji bai wuce kilomita 60 ba: boris, sabon mai, sifirin gaba da aka yanke bisa lissafi ko aka saya, sabuwar shakazobar baya daidai lodi in ta asali ta gaji, da robar rufe bututun fok saboda ƙurar hunturu da ke cin sil. Katirij a irin wannan babur kuɗinsa ba zai dawo ba. Mai DR650: sifirin gaba da baya, bawul a fok, a buɗe shakazobar asali a gyara. Mai CRF300L: shakazobar baya tukuna tare da sifirin gaba, gyaran katirij daga baya in har an ji buƙatarsa.

Bayan an haɗa, kafin a ɗaure notin da ke maƙale ƙarfen tayar gaba, a riƙe birki a danna fok sau biyar ko shida ƙafafun su daidaita da kansu. A fok mai kife kada a matse notin maƙalin ƙasa fiye da abin da littafi ya ce, yana tsuke bututu bushi ya riƙa maƙalewa, mutum ya ɗauka bawul ne bai yi ba. In akwai maɓallai, a murɗa dama a hankali har su tsaya, a ƙirga ƙaf-ƙaf yayin dawowa, a rubuta lambar. A zaɓi kilomita ɗaya ko biyu na hanya da ke da rami da yashi da kunya-kunya, a riƙa maimaita ta, ana canza maɓalli ɗaya da ƙaf biyu a kowane zagaye. In baya yana ƙara tauri yana ƙara zama ƙasa yayin da kunyoyin ke jeruwa, dawowa ta yi jinkiri, a sassauta. In yana harbi bayan tudu guda, a ƙara matsewa. A yashi mai zurfi a ƙara riƙon matsawa a gaba, a bar baya ya lotsa da ƙarin mm 5. Bayan kilomita ɗari biyar na farko a sake awon lotsawa, sabon sifirin yakan ɗan zauna.